Filan Ɗin Maganar Gwaggo Kande

Ba a daɗe da samun ƴancin kai ba yarinyar nan tawa ta ci jarrabawar shiga kolej. Sunanta ba ya fita daga bakina, don ƴar fari ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yabonta a gaban mutane, ko zazzaɓi take yi sai dai ki sa a duba miki ita kina kallon wani wuri. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Sunan za ku ji shi a bakin wasu.

A Gamkalle muke zaune, a gidan haya kusa da lambunan bakin kogi. Ɗakinmu na kallon ɗakin Kadi, wata Bazabarmiya mai sayar da salati da tumatir, wadda ta koyi Hausa a kasuwa, ta kuma iya zagi kafin ta iya gaisuwa. Maigidana magini ne, mutumin Tawa, ni kuma ƴar Damagaram ce. A shekarun nan gini ake yi a Yamai ta ko'ina, ofisoshin sabuwar gwamnati na ta tashi a Filato, kullum sai ya dawo fari fat da siminti yana ba mu labarin bene.

Ranar da aka ce ta ci, Kadi ce ta yi guɗa a madadina. Ni ina cikin ɗaki ina ninke zanen da na riga na ninke, ina ta dariya ni kaɗai.

Sai dai akwai magana a ƙasa. Yayar maigida, Kande, wadda ke Tawa, ta daɗe tana neman a ba ta yarinyar riƙo. Ba wanda zai ga laifinta, ƴar farin ƙane ai ta gwaggo ce. Lakwal, wato makaranta, ita ce ta sa aka yi ta ɗaga maganar. Da labarin kolej ya kai mata, ta aiko direban kamyon Tawa, babbar motar kaya, ya tambaya ko karatun nan ba shi da ƙarshe ne. Maigida ya ce a gaya mata: "In kolej ta riƙe ta, a bar ta. In ta koro ta, ta Yaya ce, ranar nan za ta hau mota." Kolej kuwa ba ta wasa. Duk wanda bai kai mwayen ba a ƙarshen shekara, wato rabin maki, gida za a maido shi.

Ni ba ni da bakin cewa komai. Uwar da ta ce kada a tafi da ƴar farinta, sai a shekara ana ba da labarin rashin kunyarta daga Yamai har Tawa. Amma na ƙudura a raina kolej ɗin nan za ta riƙe ta, ko da ni zan je in tokare ƙofar da bayana.

Da farko ban ji tsoro ba, don yarinyar akwai kai. Shafi guda za ta karanta, ta maimaita, ta rufe littafi, ta zubo shi da Faransanci tana shara ba ta tsallake komai ba. A ƙaramar lakwal ba mai kama ta a hadda. To sai ga makinta na Faransanci ya fara zamewa. A lissafi dama tsaka-tsaki ce, Faransancin ne ke ɗauke da ita.

"Ke, me ke faruwa?"

"Inna, malamin Faransanci, Mushe Issoufou, ya ce ba hadda yake so ba."

"To me yake so?"

"Wallahi ni ma ban sani ba. Na zubo masa shafin duka, sai ya ce ya gode, in zauna."

Wata rana da la'asar, zafi ya fara shigowa, ta dawo da aikin gida. Labari ne a littafin karatunsu: wani ƙauye da rijiyarsu ta ƙafe, mutane suka rabu biyu, wasu na cewa a yi ƙaura, wasu na cewa a haƙa sabuwa. Ta zauna a kan turmi ta juya mana shi da Hausa. Da ta gama ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mushe ya ce mu yi filan ɗinsa."

Maigida na wanke ƙafa. Ya ajiye buta.

"Me aka ce a yi?"

"Filan, Baba. Filan ɗin labarin."

"Filan! Allahu akbar. Hamsatu, kina gida ɗaya da filan kina wannan fuska? Ni da kowace safiya sai shef ɗinmu, shugaban aiki, ya shimfiɗa mana filan a kan bulo kafin mu taɓa siminti? Delu, kawo tabarma! Kawo murfin akwati a ɗora takarda!"

Ban taɓa ganin gidanmu ya ɗau zafi haka ba. Ya fiddo fensirinsa mai faɗi na wurin aiki da abin awo, ya damƙa mata. "Hannunki za a gani, ba nawa ba. Karanto. Ina rijiyar take?"

"Gabas da masallaci."

"To sa masallaci tukuna, ba a fara gari da rijiya."

Aka sa masallaci, aka sa rijiya, aka sa kasuwa da tsamiyar da dattawa ke zama a gindinta, aka ja burtalin shanu har bakin takarda. Kadi ta leƙo, hannunta duk laka.

"Gari ba lambu? Me za su ci, ƙasa?"

"Babu lambu a labarin, Kadi," in ji yarinyar.

"Mai rubutun mantawa ya yi. Sa shi."

Aka sa lambu. Yaran maƙwabta suka hau katanga suna kallo. Ni aikina korar kaji da riƙe Jibo, ƙaramina, wanda ya rantse sai ya ci takardar. Tuwo ya huce ba wanda ya kula. Daga ƙarshe maigida ya sa ta zana kibiya mai nuna arewa a kusurwa, kamar yadda ake yi a filan na gaske, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"Ko shef ɗinmu sai haka."

Da safe na sa mata takardar tsakanin faifai biyu don kada ta yamutse. Ta tafi tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da azahar ta dawo ta wuce ni ba gaisuwa, ta shige ɗaki ta kwanta fuska ga bango. Ni ba halin in bi ta. Na kalli Kadi, Kadi ta shiga. Da ta fito ta gaya mini: Mushe ya ɗaga takardar a gaban aji, yara sun yi dariya har wani ya faɗo daga banci, an ba ta ziro, yanzu kuma "arshitek" suke ce mata, wai mai zana gidaje. Ta ce ba za ta koma ba, Gwaggo ta zo ta ɗauke ta kawai.

Maigida ya ce mushen ne bai san filan ba. Bai ci abinci ba.

Washegari na goya Jibo, na ɗaura zanena na fita biki.

"Ina zuwa?" in ji Kadi.

"Kasuwa."

"Kasuwa da wannan fuskar? Tsaya in ɗauko mayafina, kada ki kashe ɗan mutane ba shaida."

Ban taɓa shiga kolej ba sai ran nan. Muka tarar yara sun fita shan iska, Mushe Issoufou shi kaɗai a aji yana goge allo. Ni da na zaci wani ƙaton mugu zan gani, sai ga saurayi siriri, ɗaure da igiyar wuya a cikin zafin nan, hannunsa duk alli. Bazabarme ne, Hausarsa irin ta Kadi, mace ma "ya" yake ce mata.

Na gaishe shi yadda ya kamata. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina aiki. Sannan na fara. Na ce yarinyar nan ba wasa ta yi da aikinsa ba. Na gaya masa yadda ta durƙusa a kan tabarma tun la'asar har gwiwarta ta yi sawu, yadda ubanta ya bar tuwonsa ya huce, yadda aka ɗauko takardar tsakanin faifai biyu. "Amma kai," na ce, ban san muryata ta hau ba, "ka ɗaga ta sama ka mai da ita abin dariya, ka ba ta ziro, har yau ba ta sa komai a cikinta ba. Saboda haka na zo ka gaya mini da bakinka, da Hausa, mene ne wannan filan ɗin da kake nema, tunda wanda magini ya sani bai yi maka ba."

Bai yi fushi ba. Idonsa ma wani haske ya yi. Ya ɗauki alli.

"Madam, da kika shigo, da me kika fara?"

"Da gaisuwa mana. A daji aka haife ni?"

Ya ja layi a allo. "Ɗaya. Sai me?"

"Sai na gaya maka wahalar da aka sha."

Ya ja wani. "Biyu. Daga nan kika faɗi wata ƴar ƙaramar kalma, muryarki ta tashi."

"Amma!" in ji Kadi. "Ni ma na ji ta, har goyon ya farka."

"Amma. Daga nan aka shiga laifina. Uku. Sai kika ce saboda haka, kika faɗi abin da ya kawo ki. Huɗu." Ya buga allon da yatsa. "Ga filan ɗin maganarki, Madam. Ban zana Gamkalle ba, ban zana hanyar da ƙafarki ta biyo ba. Hanyar da maganar ta biyo na zana."

Na tsaya baki buɗe. Kun san yadda mutum zai birkita ɗaki yana neman allura, can ya gan ta soke a bakin zanensa? Haka na ji.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mai rubutu ma haka yake yi. Yana da inda ya fara, yana da inda ya juya, yana da inda ya sauka. In yaro ya ga wuraren nan, ya gane karatu. In bai gani ba, ko ya haddace littafin duka, kaya kawai ya ɗauka bai san abin da ke ciki ba. Hamsatu yana da kai, wallahi yana da kai. Na yi bayanin nan a aji, da Faransanci na yi, da sauri kuma. Dariyar yara ban so ta ba. Don kyaunta na ɗaga ta. Duba."

Na juya. Ga takardarmu manne a bango, kusa da taswirar ƙasa.

"Lambun nan nawa ne," in ji Kadi.

Ya ce ziro kam ba zai goge ba, don ba aikin da aka sa aka yi ba. Sai dai babbar jarrabawar ƙarshen shekara na nan tafe, kuma a ranar sabon labari za a ba su wanda ba su taɓa gani ba, hadda ba za ta yi aiki ba. Ya ciro zanen daga bango ya miƙo mini da hannu biyu. "Ke ce uwar Hamsatu?"

Na kau da kai. "Gida ɗaya dai muke."

Kadi ta yi ta dariya har bakin titi. Ni ko ta kanta ban bi ba, sauri nake kamar an ce tukunyata na ƙonewa.

Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na ce, "Ke, taso. Na gano shi."

Da maraice na mayar wa maigida yadda aka yi. Ya saurara fuska a murtuke. Can sai na ga ya ɗauki kara ya fara ja a ƙasa.

"Gaisuwa ai zaure ce," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ba mai faɗowa gida ta katanga. Daga zaure sai tsakar gida. Sai ɗaki, sai wani ɗaki." Ya tsaya. "Su amma ɗin nan kuma, da saboda haka, ƙofofi ne! Ta nan ake fita wannan a shiga wancan." Ya jefar da karan, ya dube mu. "Ban gaya muku ba? Filan filan ne. Gidan kawai muka ɓata."

Yarinyar ta yi dariya, karo na farko tun ranar ziro.

Daga ran nan gidanmu ba a ƙara yin magana a banza ba. Na kafa doka: kafin ta taɓa abinci, sai ta kawo mini filan ɗin wata magana da ta ji. Jakin mai itace ya shiga lambun Kadi ya cinye salati, Kadi ta tare mutumin a ƙofar gida, yarinyar na bayan ƙyaure tana ja a ƙasa da kara. Ta zo ta ce ɗaki uku ne: ɓarnar jaki, asalin mai jaki, da abin da za a yi wa jaki in ya dawo. Zaure babu.

"Kadi ba ta gina zaure," in ji maigida. "Ta katanga take shiga."

Rediyon mai shagon bakin hanya ma ba mu bar shi ba. In an fara labarai da Hausa sai in aike ta sayen ashana, ta tsaya ta saurara. Ita kuma ta koya mini ƙofofin Faransanci: *dabor*, da farko, *ansuwit*, sannan, *me*, amma, *donk*, saboda haka, *anfen*, daga ƙarshe. In tana karanta littafinta da ƙarfi ina tankaɗe, ban san abin da ake faɗi ba, amma da na ji *me* sai in buga rariya in ce, "Ƙofa!" Wani lokaci in dace, wani lokaci ta ce, "Inna, wannan ƴar taga ce, ba a fita ta nan."

Ba a rana ɗaya ta iya ba. Haddar nan ta zame mata ciwo. In na ce ta sa wa ɗaki suna, sai ta zubo duk abin da ke cikinsa.

"Ke, tsaya. Wancan wurin me ake ce masa?"

"Madafa."

"Ana ce masa wurin tukunya da murhu da muciya da ludayi da tsohuwar ƙwaryar da ta fashe?"

"A'a."

"To madafa nake so. Suna gajere, wanda ya rufe komai."

Ta yi ta fama. Wata rana ta fito da gudu, littafi a hannu, ɗankwali ya zame. "Inna! Inna! Ba duka gida iri ɗaya ba ne!" Ta ce ta sami wani karatu da ba ya bin da farko da sannan. Raƙumi da jirgin ruwa ake gwadawa, a faɗi na wannan a faɗi na wancan. "Ɗaki biyu masu kallon juna, kamar namu da na Kadi." Wani kuma ta ce daga ɓarna ya fara, sannan ya koma baya yana neman abin da ya jawo ta. Na ji wani daɗi ya taso mini. Na ce, "To, an ji. Ɗaura ɗankwalinki."

Ana saura kaɗan a yi jarrabawa sai ga Yaya Kande a ƙofar gida, da ƙunshin kaya a ka. Direban kamyo ya kai mata labarin ziro. Ta zo da sabon zane da ƴar tabarma, na yarinyar, na tafiya. Na karɓe ta da fara'a, na dama mata fura, idona kuwa na kan ƴar tabarmar nan.

Da ta huta ta ga zanen ƙauyen da muka manna a bango, ta tambayi wane gari ne. Yarinyar ta fara ba ta labarin rijiyar. Ana daidai wurin da mutane suka rabu biyu sai maigida ya yi sallama, aka bar labarin nan.

Bayan la'asar Yaya ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce ƙanenta ya zauna, magana za ta yi. Ni da yarinyar muna madafa muna tsince shinkafa, zana kawai ta raba mu da su.

Ta fara da iyayensu, Allah ya ji ƙansu, da yadda ta goya shi yana ƙarami har bayanta ya yi kanta.

"Zaure," in ji yarinyar a kunnena.

Ta shiga yabon Yamai, da aikinsa, da yadda ake faɗin sunansa a Tawa wai shi ke gina wa gwamnati.

"Tsakar gida. Inna, ƙofa na zuwa. Amma ce."

"Amma, Tanimu," in ji Yaya Kande.

Na cusa bakin zanena a baki don kada dariya ta fito. Hawaye na zuba, kafaɗata na rawa, shinkafa ta zube a ƙasa. Yarinyar ta riƙe mini hannu tana cewa in yi shiru, ita ma tana shaƙewa.

"Amma, Tanimu, tun da maigidana Malam Illo ya rasu, yaran nan kuma suka tahi kurmi neman kuɗi, gidan ya yi mini hwaɗi. In na yi tahiya ƙarar takalmina nake ji. Tukunyar mutum ɗaya ma ban iya ɗora ta ba." Ta faɗi wannan da sauri, kamar mai tsallake kwata, ta wuce. Sai ta shiga boko. Boko na sa ɗiya ta raina miji, boko na hana ɗiya iya tuwo, ɗiyar wane ta yi boko ta dawo tana cin abinci da ƙarfe. Ta daɗe a nan ƙwarai.

Na lura yarinyar ta bar dariya.

"Yanzu *donk*," ta ce a hankali.

"Saboda haka," in ji Yaya, "tunda lakwal ɗin ma ta ba ta ziro, mi ake jira?"

Maigida ya ce magana ɗaya ya yi, ba zai yi biyu ba: a jira kolej ta faɗi nata. Yaya ta ce tana nan zaune har ranar.

Muna kwashe shinkafar da ta zube yarinyar ta ce, "Inna, Mushe ya ce ɗakin da ya fi tsawo ba lalle shi ne babba ba."

"To?"

"Na boko ya fi tsawo. Amma ba don shi aka gina gidan ba. Don ɗan ƙaramin nan ne, na takalmi."

Na dube ta. Ni kaina ina can ina jin haushin ɗakin boko, na wuce ta gaban ƙaramin ban leƙa ba.

Ranar jarrabawa ta dawo ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Kadi ta tambaye ta. Ta ce labarin makiyayi ne da ambaliya, ɗaki huɗu ta gani, amma na ukun tana shakka ko biyu ne aka haɗe. Na yi kamar ban ji ba. Miyar ran nan sau biyu na sa mata gishiri.

Sai ranar da za a kira sunaye a farfajiyar kolej. Maigida ya sa babbar riga, Yaya Kande ta bi shi. Uwar ƴar fari ba ta da abin yi a wurin. Na ce wa Kadi kwandon salatinta ya yi mata nauyi, bari in raka ta kasuwa.

"Kasuwa ta can take," in ji ta.

"Ta nan ya fi inuwa."

Muka tsaya a bayan taro, jikin wata bishiya, kwando a kaina, Jibo a bayana. Shugaban kolej ya hau kan dakali da takarda, ya ce zai kira waɗanda suka wuce aji na gaba, daga na sama zuwa ƙasa. Wanda bai ji sunansa ba, ya san sauran.

Ya fara. Wani Abdulaye, wani Amadou, wata Jamila. Kowane suna sai wani gefe ya ɗauki ihu. Na farko-farko suka wuce, ba ita. Dama ban sa rai ba. Na tsakiya suka fara wucewa. Na hango ta cikin layi, ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta. Na hango Yaya Kande ta gyara mayafi. Takardar hannun mutumin nan na ta ƙarewa, yatsansa na ta sauka. Kwandon ya fara rawa a kaina, Kadi ta ce, "Salatina, Delu, salatina."

"Hamsatu Tanimu."

Sai na ji wata murya ta tsaga taron: "Hamsatu! Hamsatu tawa! Ta riƙe ki! Wallahi ta riƙe ki!"

Mutane suka juyo. Kwando na ƙasa, salati ya watse, tumatir na gangarawa ƙarƙashin ƙafafun mutane. A nan na gane muryar tawa ce.

Yaya Kande ta ratso taro ta tsaya a gabana, hannu a haɓa.

"Delu! Da bakinki? Gaban mutane?"

"Ni ce na faɗa," in ji Kadi, tana tsintar tumatir. "Murya ce ta yi kama."

"Ke tahi can. Bazabarmiya da Hausar Damagaram?"

Na rufe fuska da mayafi. Ta cikinsa na ga Mushe Issoufou can gefe yana dariya, ya ɗaga mini yatsu huɗu. Maigida kuwa ya kama hannun wani da bai sani ba yana gaya masa ai shi ya koya mata filan.

Yarinyar ta iso tana haki. Ba wurina ta zo ba, ta san ba a yi. Gaban gwaggonta ta durƙusa.

"Gwaggo, an ba mu hutu har bayan damina. In Baba ya yarda, da ke zan hau kamyo. Ki ɗora tukunyar mutum biyu. In an koma lakwal in dawo, hutu na gaba in sake zuwa."

Yaya Kande ta kalli ƙanenta, ya ɗaga kai. Ta kalle ni, na kalli salati. Ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ce rana ce ta shigar mata.

"To, na ji," ta ce. "Amma..."

Ni da yarinyar muka haɗa ido.

"Amma da littahin nan za ki taho. An bar ni tsakiyar gardama, har yau ban san ko mutanen nan sun samu ruwa ba."